Buhu 150 da Suka Koma 15

A shekarar da ya gama karatun kimiyyar kwamfuta, saurayin ya koma Maraɗi ba shi da aikin yi, sai kawunsa, mai sayar da taki da iri da maganin ƙwari, ya ware masa kusurwar shago da tebur ɗaya. Kawun yana da rassa biyu, ɗaya a Tasawa ɗaya a Dakoro, kuma shekara da shekaru da wayar hannu da littafi ake tafiyar da su. Yaron shago zai bugo waya ya karanto kayan da suka ƙare, a rubuta, a loda mota. Wani lokaci murya ta katse a tsakiyar lissafi, wani lokaci mai rubutu ya tsallake layi. Saurayin ya kalli wannan wahala na ƴan makonni, sannan ya ce zai rubuta manhajar da za ta ɗauke ta: kowane reshe ya shigar da buƙatunsa a kwamfuta, su iso babban shago a rubuce, babu ragi babu ƙari. Kawun bai yi gardama ba. Ya dai ce a bar littafin a inda yake.

Tsarin da saurayin ya zaɓa mai sauƙi ne a ido. Ya yi hayar ƙaramar uwar garke mai tafiya da Linux a intanet, ita ce za ta karɓi saƙonni ta adana su. Kwamfutocin rassa kuwa Windows ne a kansu, domin shi yaran shago suka sani. Shi da kansa a kan Linux yake rubutu, da harshen C, kuma ya ƙudiri niyyar rubutu guda ɗaya da zai yi aiki a kan tsarukan biyu. Abin da ya ba shi ƙarfin gwiwa shi ne kamar da ke tsakaninsu. Hanyar da manhajoji ke bi su yi magana ta intanet, wadda ake kira soket, ta samo asali ne daga Jami'ar Kalifoniya da ke Bakli, inda ta fito a cikin tsarin 4.2BSD a 1983. Da Windows ya zo yin tasa a farkon shekarun 1990, mai suna Winsock, sai ya kwaikwayi wannan ta Bakli kusan kalma da kalma. Sunayen umarnin ɗaya ne a ko'ina: socket domin buɗe ƙofa, connect domin haɗuwa da ɗaya ɓangaren, send domin aikawa, recv domin karɓa. Wanda ya iya su a nan zai ɗauka ya iya su a can. Amma kama da wane ba ta wane, kuma bambancin da ya fi cutarwa yana ɓoye ne a yadda kowane tsari ke faɗin cewa abu ya lalace.

Ya ari kwamfutar Windows ya gwada manhajar a ɗakinsa, ta yi aiki lafiya. Ya harhaɗa sigar da za a raba, ya aika da ita Tasawa. Washegari yaron shagon ya bugo waya ya karanto masa abin da allo ya nuna, kuma abin dariya ne ga wanda ba shi ya rubuta ba: an kasa haɗuwa, dalili kuwa, babu kuskure. Kwana biyu saurayin yana ɗora laifi a kan rezo. Ya sa yaron ya sauya layin waya, ya sa shi ya fita ƙofar shago da kwamfutar, duk a banza. A rana ta uku ya hau mota ya tafi da kansa, kuma a can ya gano cewa laifuffuka uku ne suka jeru, kowanne yana rufa wa na bayansa asiri, dukkansu kuma nasa ne.

Na farko ya shafi wani umarni da ake kira assert, wanda za a iya kiransa iƙirari. Mai rubutu yana sanya shi a wurin da yake da yaƙinin cewa wani abu gaskiya ne, kamar ya ce: idan aka iso nan, wannan lamba ba za ta wuce goma ba. Idan iƙirarin ya tabbata, manhaja ta wuce. Idan ya ƙaryata, sai ta buga maganar da ta karye da sunan fayil da lambar layi, ta tsaya nan take. Tunanin ya daɗe. Alan Turing ya yi amfani da shi a wata gajerar takarda da ya gabatar a Kambirij a 1949 a kan yadda za a tabbatar da ingancin dogon umarni, Robert Floyd ya faɗaɗa shi a 1967, Tony Hoare kuma ya gina masa ƙa'idojin lissafi a 1969. Sai dai a harshen C akwai sharaɗin da saurayin ya karanta a aji ya manta: idan aka kunna alamar NDEBUG lokacin harhaɗawa, ana goge kowane assert baki ɗaya, tare da duk abin da ke cikin bakansa. Kayan aiki da yawa suna kunna wannan alama da kansu a sigar rabawa.

Shi kuwa a cikin bakan assert ya sanya wani aiki na gaske. Windows yana buƙatar a kira WSAStartup kafin a taɓa kowane soket, abin da Linux bai sani ba. Saurayin ya rubuta layin a taƙaice, yana ganin ya yi dabara: kira WSAStartup, kuma a tabbatar ya dawo da sifili, duka a layi guda. A sigar gwaji layin yana nan, don haka komai ya tafi daidai a ɗakinsa. A sigar da ya aika Tasawa an share iƙirarin, an share kiran tare da shi, manhajar ta shiga aiki ba ta yi wa Windows sallama ba.

Laifi na biyu shi ya hana a kama na farko. A Linux, soket lamba ce da za ta iya sauka ƙasa da sifili, kuma idan an kasa buɗe shi ana dawo da -1. Saboda haka saurayin ya saba duba ko sakamakon ya yi ƙasa da sifili. A Windows kuwa soket lamba ce marar alamar ragi, wadda ba ta taɓa sauka ƙasa da sifili, kuma alamar kasawa wata ƙima ce ta musamman mai suna INVALID_SOCKET, wadda ita ce lamba mafi girma da wurin zai iya ɗauka. Tambayar da ya rubuta tana nan a kan layinta, ana yin ta kullum, amma a kan Windows ba ta da hanyar da amsarta za ta zama e. Mai gadi ne aka tsayar a ƙofar da ɓarawo ba ya bi.

Laifi na uku shi ya haifi saƙon ban dariya. Da manhajar ta je haɗuwa da soket ɗin da bai buɗu ba, ta kasa, wannan karon kuma an kama kasawar. Sai dai saurayin ya nemi dalili a errno, inda Linux ke ajiye lambar kuskure. Winsock ba ya ajiyewa a can, sai an tambaye shi ta WSAGetLastError. Errno yana zaune a sifili, sifili kuma ma'anarsa babu kuskure. Da ya tambayi wurin da ya dace, amsar ta fito nan take: 10093, wato ba a fara Winsock ba. Kwana uku da kuɗin mota suka tafi a kan lambar da take zaune tana jiran a tambaye ta.

Ya gyara ukun ya dawo gida yana jin ya koyi darasi. Watanni suka wuce manhajar tana aiki, yaran shago suka saba da ita, littafin kawu ya fara tara ƙura. Sai damina ta ƙarato, lokacin da manomi ke neman taki kafin ruwan shuka ya wuce shi. Reshen Dakoro ya shigar da jerin buƙatu mafi tsawo da aka taɓa aikowa, layi bayan layi, har da buhu 150 na takin yuriya wanda wasu manoma suka riga suka ba da kafin alƙalami a kansa. A babban shago jerin ya bayyana a allo, layinsa na ƙarshe yana cewa yuriya 15. Babu wanda ya yi mamaki, domin buhu goma sha biyar adadi ne da ake aikowa. Aka loda mota ta tafi. Sai da ta isa aka sauke kaya, yaron shagon ya bugo waya yana tambayar inda sauran suke, da kuma kayan da ke ƙasa da yuriya a jerin, waɗanda babu ko ɗaya da ya zo.

Abin da ya faru yana cikin halittar TCP, ƙa'idar da ke ɗauke da mafi yawan zirga-zirgar intanet. TCP ya yi alkawarin isar da bayanai a jere yadda aka aiko su, amma bai yi alkawarin kiyaye iyakokin saƙo ba. Kamar ruwa ne a bututu: wanda ya zuba bokiti guda a wancan baki ba shi da tabbacin cewa bokiti guda zai fito a lokaci ɗaya a wannan baki. Ana yanka dogon saƙo gutsure-gutsure, kowanne bai cika wuce bayit 1460 ba a kan hanyoyin da aka fi amfani da su, kuma a kan rezon wayar hannu tazara tsakanin gutsure da gutsure takan yi tsawo. Umarnin recv yana dawo da abin da ya iso zuwa lokacin da aka tambaye shi. Amsarsa iri uku ce: lamba sama da sifili, wato ga adadin da ya samu, wanda zai iya kasa abin da ake jira, sifili, wato ɗaya ɓangaren ya rufe, ko alamar kuskure. Saurayin ya duba ta uku kaɗai. Ya kira recv sau ɗaya, ya ga ba kuskure, ya ɗauki abin da ya samu a matsayin saƙo cikakke. Gutsuren farko ya yanke ne daidai tsakanin 5 da 0. A ɗakinsa jerin gwajinsa gajeru ne, hanyar kuma mai sauri, shi ya sa bai taɓa ganin saƙo ya rabu ba.

An yi hayar mota ta biyu, amma kafin ta isa wasu daga cikin manoman sun karɓi kuɗinsu sun saya a wani wuri. Kawun bai ɗaga murya ba. Da dare, bayan an rufe shago, ya zauna a kan buhu ya ce: "Ɗana, ita wannan na'ura taka ba ta ƙirga abin da aka miƙo mata ne?" Saurayin ya fara bayanin gutsure da bututu, kawun ya ɗaga hannu. "Ni ko ɗan'uwana ne ya aiko mota, sai na ƙirga buhu kafin direba ya tafi. Ba zargi ba ne, hanya ce ke da nisa." Washegari aka kaɗe ƙurar littafi.

Gyaran da ya yi shi ne wanda masu wannan aiki suka daɗe da sani. Kowane saƙo zai fara da bayit huɗu masu faɗin tsawonsa, a jere irin na intanet, inda babban bayit ke zuwa farko, domin na'urori ba su yi ittifaƙi a kan wannan jeri ba. Mai karɓa zai yi ta kiran recv har adadin ya cika, kuma idan aka rufe kafin ya cika, a zubar da abin da aka samu gaba ɗaya. Mai aikawa shi ma zai yi ta kiran send har komai ya fita, domin shi ma yana iya ɗaukar ƙasa da abin da aka ba shi. A ƙarshe uwar garke za ta mayar da amsa mai faɗin adadin layukan da ta adana, reshe ya gwada da nasa.

Sai dai wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Saurayin ya rantse ba zai sake barin wani kuskure ya wuce shiru ba. Ya kashe NDEBUG a ko'ina, ya cika manhajar da iƙirari, har da wurin da ake karanta tsawon saƙo: ya yi iƙirarin cewa tsawon ba zai wuce bayit 65536 ba. Bayan ƴan kwanaki uwar garke ta fara mutuwa da tsakar dare, lokacin da rassa duka suna barci. Da safe yaran shago su tarar ba a haɗuwa, shi kuma ya tayar da ita, kwana biyu ta sake faɗuwa. Wannan karon aƙalla ta bar wasiyya, domin iƙirarin ya faɗi layin da ya karye. Ya sa a buga lambar da ta karya shi, ta fito: 1195725856.

Lambar ba ta zo daga Tasawa ko Dakoro ba. Duk na'urar da ke da adireshi a intanet, akwai manhajoji masu yawo dare da rana suna ƙwanƙwasa ƙofofinta su ga abin da ke ciki. Ɗaya daga cikinsu ta ɗauka shafin yanar gizo ne, ta aiko da buƙatar da ke farawa da haruffan GET da tazara ɗaya. Waɗannan bayit huɗu, idan aka karanta su a matsayin lamba, su ne 1195725856. Uwar garke ta fahimci cewa ana shirin aiko mata da saƙo mai bayit fiye da biliyan ɗaya, iƙirarin ya ƙaryata, ta kashe kanta kamar yadda aka umarce ta. Duba tsawon daidai ne, domin ba don shi ba da manhajar ta nemi wurin ajiya mai girman haka. Hukuncin ne ya kauce. Saurayin ya miƙa wa kowane baƙo a duniya makullin kashe shagon kawunsa da haruffa huɗu.

Wannan tuntuɓe ba na masu koyo kaɗai ba ne. BIND, manhajar da ta fi kowace daɗewa wajen fassara sunayen intanet zuwa adireshi, cike take da iƙirarai da masu kula da ita suke bari a kunne da gangan, bisa hujjar cewa gara manhaja ta tsaya da ta ci gaba da aiki bayan cikinta ya rikice. A ƙarshen Yulin 2015 aka bayyana cewa wata tambaya guda da aka ƙera da gangan, ta nau'in TKEY, tana iya kai manhajar ga halin da ke karya ɗaya daga cikin waɗannan iƙirarai, ta faɗi. Duk wanda ke iya aika mata saƙo yana iya kashe ta daga nesa. Iƙirarin ya yi aikinsa, ya hana ɓarna ta yi zurfi, amma an bar hanya daga waje har zuwa gare shi.

Ɗaya gefen ramin kuma ya fi muni, kuma duniya ta gan shi shekara guda kafin nan. A ranar 7 ga Afrilun 2014 aka sanar da raunin da ake kira Heartbleed a OpenSSL, ɗakin karatun manhaja da ke ɓoye sirrin sadarwar shafuka masu ɗimbin yawa. Akwai ɗan saƙo da ɓangare ɗaya ke aikawa domin tabbatar da cewa ɗayan yana raye: ga wasu bayit, ga tsawonsu, maido mini da su. Manhajar ta yarda da tsawon da baƙo ya faɗa ba ta gwada shi da ainihin abin da ya aiko ba. Wanda ya aiko da bayit ɗaya ya ce dubu sittin ne, sai a kwaso masa abin da ke maƙwabtaka a ƙwaƙwalwar na'ura, har kusan kilobayit 64 a kowace tambaya, wanda zai iya haɗawa da kalmomin sirri da makullan ɓoye bayanai. Raunin ya zauna a sigogin da aka raba tun Maris na 2012. Maganinsa ƴan layuka ne: a gwada tsawon da aka faɗa da tsawon da ya iso, in sun saɓa a yi watsi da saƙon. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Tsakanin waɗannan biyu saurayin ya tsinci abin da aji bai fayyace masa ba. Iƙirari da duba kuskure suna kama a rubuce, dukansu tambaya ce ta e ko a'a, amma ba mutum ɗaya suke fuskanta ba. Duba kuskure yana fuskantar waje: rezo da ke ɗaukewa, faifai da ke cika, yaron shago da ke buga harafi a wurin lamba, baƙon da ke aiko da shirme. Waɗannan al'amuran yau da kullum ne, manhajar da ba ta da aibi ko ɗaya za ta gamu da su, kuma abin da ake so daga gare ta shi ne ta ƙi karɓa, ta rubuta abin da ya faru, ta ci gaba da hidimar sauran. Iƙirari yana fuskantar ciki. Magana ce da mai rubutu ke yi a kan aikin hannunsa, kuma idan ta ƙaryata, ma'anarta ita ce shi ne ya yi kuskure, manhajar ta shiga halin da bai tanada ba, duk abin da za ta yi daga nan tafiya ce a duhu. Ya rubuta tambaya ɗaya a takarda ya manna a jikin allonsa: wa zai iya sa wannan magana ta zama ƙarya? Idan amsar ta haɗa da wani wanda ba shi ba, dubawa ake yi. Idan shi kaɗai ne, iƙirari ne.

Da wannan ma'auni ya sake bin rubutunsa layi-layi. Tsawon saƙo ana duba shi a bakin ƙofa: in ya wuce iyaka, a rufe wannan haɗin guda, a rubuta adireshin da ya aiko, sauran rassa ba su ma san an yi ba. Can ciki kuma, a wurin da ake kwafe saƙon zuwa ma'ajiya, ya bar iƙirarin cewa tsawon bai wuce iyaka ba, domin idan wannan ya karye bayan an duba a ƙofa, to akwai hanyar da ya manta bai tsare ba, kuma yana so ya sani da ƙarfi.

Ya kuma gano cewa kurakuran da tsarin aiki ke dawowa da su ba jinsi ɗaya ba ne, ko da yake ta baki ɗaya suke fitowa. Wasu ba kuskure ba ne sam: EINTR a Linux yana nufin an katse kiran a sake yi, EAGAIN yana nufin babu komai tukuna a dawo an jima. Wasu labarin duniya ne, kamar an ƙi haɗuwa, ko lokaci ya ƙare, ko ɗaya ɓangaren ya yanke ba sallama, kuma waɗannan ake sanar da mai amfani. Wasu kuwa yatsa ne da ke nuna mai rubutu: EBADF, ko WSAENOTSOCK a Windows, yana nufin an miƙa soket ɗin da ba shi da rai, watau an rufe shi a wani wuri an ci gaba da amfani da shi. Nan iƙirari ya dace, ko da yake daga waje amsar ta zo.

Sannan ga bambancin harshe tsakanin tsaruka. Yankewar haɗi ba zato lambarta 104 ce a Linux, 54 a macOS, 10054 a Windows. Ƙin haɗuwa 111 ne a Linux, 61 a macOS, 10061 a Windows. Mai lura zai ga cewa Windows ya ɗauki lambobin Bakli ya ƙara musu 10000, Linux kuwa ya bi nasa lissafi. Haɗin da ba ya jira, idan yana kan hanya, Linux yana cewa EINPROGRESS, Windows yana cewa WSAEWOULDBLOCK. Rufe soket close ne a nan, closesocket a can. Mafi haɗari shi ne abin da ke faruwa idan aka yi rubutu a haɗin da ɗaya ɓangaren ya riga ya yanke: a Linux da macOS tsarin yana aiko da siginar SIGPIPE, wadda ke kashe manhaja ba tare da ta ce uffan ba, sai an hana ta da MSG_NOSIGNAL a Linux ko SO_NOSIGPIPE a macOS, ko a umarci manhajar ta yi biris da siginar gaba ɗaya. Windows ba shi da wannan sigina. Saurayin ya toshe wannan rami kafin ya faɗa ciki, shi kaɗai ne daga cikinsu da ya samu a arha.

Maimakon ya warwatsa waɗannan bambance-bambance a ko'ina, sai ya tattara su a fayil guda mai sirara. A nan kaɗai ake sanin ko Windows ne ko Linux. Fayil ɗin yana karɓar amsar kowane tsari ya mayar da ita ɗaya daga cikin kalmomi ƙalilan na manhajar kanta: an gama, sake gwadawa, an rufe, an kasa ga dalili. Sauran rubutun da waɗannan kalmomi kaɗai yake aiki. Ya kuma daina gwaji a kan hanya mai kyau. Ya rubuta ƙaramar manhaja mai mugunta wadda ke aiko da saƙo bayit ɗaya-ɗaya, ko ta yanke a tsakiya, ko ta aiko da shirme, ko ta haɗu ta yi shiru har abada, abin da ya tilasta masa sanya wa kowane haɗi wa'adi. Kuma duk gwajin da ya yi wa sigar gwaji, yana maimaita shi a kan ainihin sigar da za a raba.

Saura tambayar ko a bar iƙirari a kunne bayan an raba manhaja. Hoare ya taɓa kwatanta masu cire matakan tsaro a lokacin aiki na gaske da matuƙin jirgin ruwa da ke sa rigar ceto yana atisaye a tudu, ya tuɓe ta ranar da zai shiga teku. Saurayin ya bi wannan ra'ayi. Ya ƙera iƙirarinsa da NDEBUG ba ya gogewa, wanda ke rubuta dalilin faɗuwa a fayil kafin ya tsayar da manhaja, ya kuma sa tsarin ya tayar da uwar garke da kansa idan ta faɗi. Ya kafa wa kansa doka cewa babu wani aiki da zai sake shiga cikin bakan iƙirari, tambaya kaɗai. Sau biyu a watannin da suka biyo baya iƙirarin ciki ya karye, kuma duk biyun laifin rubutunsa ne, ya same su cikin sa'a guda domin layin yana rubuce.

Ya daɗe kafin ya lura cewa kawunsa yana yin duka biyun tun kafin a haife shi. Idan mota ta iso da kaya ba su cika ba, kawun ba ya rufe shago. Yana rubuta gibin, ya sa direba ya sa hannu, ya juya ga mai saye na gaba, domin ƙarancin kaya a hanya abu ne da ake tsammani. Amma daren da lissafin littafinsa na kansa ya ƙi daidaita, ba ya buɗe ciniki da safe sai ya gano inda alƙalaminsa ya zame, ko da jaka ɗaya ce, domin duk abin da za a ɗora a kan lissafin da ya karkace karkatacce ne.

Da damina ta zagayo, Dakoro ta sake aiko da dogon jeri, rezo kuma ya ɗauke a tsakiya kamar yadda ya saba. A allon reshe aka rubuta cewa haɗi ya yanke, saƙo bai isa ba, za a sake gwadawa. A babban shago babu abin da ya bayyana, ko rabin layi. Bayan mintuna kaɗan jerin ya iso, amsa ta koma cewa an adana layi 84, reshe ya ga 84 ne ya aika. Kawun ya sa gilashinsa ya karanta har ƙasa, sannan ya ɗauki waya ya kira yaron shagon ya ce ya karanto masa adadin yuriya da bakinsa. Ya duba allo, ya duba littafi, ya ce a loda mota.